Biri Ya Yi Kama da Mutum, Shi Ya Sa Murarmu Ke Kashe Shi

Duk ƙarshen shekara, da mutanenmu na nan Greensboro sun je gida hutu, hotunan da ke shigowa WhatsApp kusan iri ɗaya ne: yaro na miƙa wa gwaggon biri biskit a Yankari, ko an ɗora masa jan biri mai sarƙa a ƙugu a kafaɗa, uban yana dariya yana ɗauka. A ƙasa a rubuta wai an kai yara su ga namun daji. Haba jama'a! Wannan cutarwa ce, ga birin da yaron duka.

Abin da ya fi ba ni haushi, mun san daidai. Cibiyar Duke Lemur da ke Durham, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan, tun 1966 take kula da dangin biran Madagaska, kuma ba a barin baƙo ya taɓa ko ɗaya. Mukan bi layi shiru, mu riƙe hannun yara. Amma da jirgi ya sauka Kano sai dokar ta zama ta Turawa, mu kuma mun dawo gida, ko?

Aikina jinya ne, bari in faɗi abin da na sani. Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum, kuma a jiki haka abin yake. Ƙwayar cutar da ke sa ki atishawa kwana uku ki warke, shi tana iya sauka masa a huhu, don jikinsa bai saba da ita ba. A 2013, a dajin Kibale na Uganda, murar mutane ta shiga wani garken cimfanzi ta kashe biyar. An ga irin haka a dajin Tai na Kwaddibuwa. Dalilin ke nan a wuraren kallon gorila ake cewa a tsaya nesa da aƙalla mita 7, a sa takunkumi, mai tari kuma ya zauna a masauki. To ku duba mu: mun kwana cikin jirgi da ɗaruruwan mutane a tsakiyar lokacin mura, mun sauka cikin hunturu yara na jan majina, sannan mu ce a matso da biri a yi hoto. Cutar ma ba hanya ɗaya take bi ba, cizo ko yaƙushin biri kan kai yaro ga allurar haukan kare.

Za a ce gwaggon birin Yankari ai sun yi yawa, har ɗakunan baƙi suke shiga wajen Wikki. Gaskiya ne, ba su kusa ƙarewa ba. Amma wa ya koya musu cewa jakar mutum rumbu ce? Hannun da ya miƙa biskit. Kuma da wannan hannun za mu isa Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, inda ragowar cimfanzinmu suke, su kuwa suna cikin haɗarin ƙarewa. Da shi za mu isa dutsen Afi a Kuros Riba, wurin birin diril, wanda duk duniya babu shi sai can da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko.

Batun hoto da biri mai sarƙa ya fi muni. Uwar biri ba ta sakin ɗanta da rai. Diril ɗin da ƙungiyar Pandrillus ta fara tarawa a Kalaba tun 1991 marayu ne, an harbe iyayensu don nama. Na san mai wasa da biri abincinsa yake nema, ban raina shi ba. Amma dubu biyun da ka ba shi kuɗin kamo na gaba ne. Mu da muka taso da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, bai kamata sai Bature ya yi mana wannan wa'azin ba.

Ban ce kada a je ba. A je, wallahi a je da yara, kuɗin shiga na cikin abin da ke riƙe masu gadin daji. A ɗauki jagora na hukumar wurin, a bar abinci cikin mota a rufe gilashi, a sayi madubin hangen nesa tun daga nan. Yaron da ya tashi da tari ran tafiya, a bar shi wajen kakarsa.