Gajiyar Malamai Da 'Yan Agaji: Alhakin Wa Ne?

Ya 'yan'uwa, akwai wata cuta da ke cin masu hidimar jama'a a cikinmu, amma kunya ta hana mu ambatonta. Malamin Islamiyya ya fito tun karatun asuba, ya wuce inda yake neman abin sawa a bakin salati, da la'asar ya koma aji, bayan isha'i kuma ga masu rikicin aure a zaure suna jiransa. Ɗan agaji ya kwana biyu a tsaye wurin wa'azi, ranar Litinin ya koma bakin aikinsa. Bayan 'yan shekaru sai malamin da aka sani da haƙuri ya zama mai saurin ɗaga bulala, mu kuwa mu ce ikhlasinsa ne ya yi rauni. Wannan hukunci zalunci ne.

Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana irin wannan mutuwar jiki da zuciya a tsakanin masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a New York, kuma ya lura cewa waɗanda suka fi sadaukarwa su ta fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, ƙosawa da aikin har mutum ya riƙa ganin baƙinsa, da raguwar ingancin abin da yake yi.

Shari'a ta riga su. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, ya tarar da matarsa ba ado, domin mijin ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salman ya ƙi cin abinci sai tare da shi, ya sa shi barci har ƙarshen dare, ya tuna masa haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya gaskata Salman. To, idan nafila ba ta zama uzurin tauye waɗannan haƙƙoƙi ba, yaya taron kwamiti?

Sai dai faɗa wa malami ya huta ba ya wadatarwa, alhali ajinsa ya cika maƙil, alawus ɗinsa kuma sai an ga dama. Nauyin yana kan shugabannin rassa da iyayen yara. A biya malami a kan lokaci, a bar masa Alhamis da Juma'a ba tare da an cusa masa taro ba, a tsara wa 'yan agaji karɓa-karɓa. Masu kawo ƙarar aure kuma a sanya musu rana da lokaci a masallaci, su daina buga masa ƙofa da tsakar dare.