Ra'ayinmu: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, al'adarmu ce duk wanda ya fara ɗaukar albashi ya waiwayi mahaifiyarsa. Ɗan Gwangwan, ta ƙasar Rogo, zai ɗauko tsohuwa ya kawo ta Kano, a duba ciwon baya a Asibitin Ƙashi na Dala, sannan ya ce sai an mayar mata da haƙoran da suka zube. Wannan abin yabo ne, amma akwai wani tarko tsakanin waɗannan alherai biyu.

Mace idan al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta yakan riƙa zaizayewa, har ƙaramin tuntuɓe ya karya ƙugu. Don haka likitoci kan ba da magunguna irin su alendronet, wanda Amurka ta amince da shi a 1995. Shi ƙashi kullum cikin rushewa da ginuwa yake. Aikin maganin shi ne rage rushewar, kuma yakan zauna cikin ƙashi shekaru bayan an daina shansa.

Dashen haƙori kuwa ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam da ake kafawa a muƙamuƙi, ƙashi ya kama ta, a ɗora haƙori a kai. Likita Branemark na ƙasar Suwidin ne ya fara yi wa ɗan Adam shi a 1965. Tun da nasarar aikin ta dogara ga warkewar ƙashi, duk abin da ya rage wa ƙashi saurin sabunta kansa ya shafe ta. A 2003 Likita Robert Marx na Amurka ya bayyana yadda ƙashin muƙamuƙi ya mutu ga mutum 36 da ake yi wa ƙarin ruwa na dangin wannan magani, mafi yawansu masu ciwon daji: dasashi ya buɗe, ƙashi ya fito fili, miki ya ƙi warkewa.

Ba tsoratarwa muke yi ba. Ga mai shan ƙwaya saboda zaizayar ƙashi kawai, haɗarin kaɗan ne ƙwarai, kuma dashe yakan kama lafiya; sai dai yana ƙaruwa da yawan shekarun shan maganin, da ciwon sukari, da shan taba. Babban abin tsoro shi ne shiru: likitan ƙashi bai san za a taɓa baki ba, likitan haƙori bai san me ake sha ba, tsohuwa kuwa "maganin baya" kawai ta sani.

Saboda haka muna kira gare ku, ku da kuka yi karatu. A duba haƙora tun kafin a fara maganin. In an riga an fara, a tafi da kwalinsa gaban likitan haƙori, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani. Kada a dakatar da shi sai da izinin likita, gama karayar ƙugu ta fi giɓi muni. Kada kuma a bar mai cire haƙori na kasuwa ya kusanci wannan baki.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.