Lafiyar Iyali: Idan fitsari ya fara yi wa maigida gardama

 Yau zancenmu a kan maza yake, amma ke zan yi wa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ce kike jin motsin maigida idan ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare ya ɗauki buta. Ke ce kike lura ya daɗe a banɗaki, ko ya sake alwala saboda ɗigon da ya biyo baya. Ko kuma Baba ne a gida, ko surukinki, wanda ya daina tafiya mai nisa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Abu biyu ke hana su zuwa asibiti: kunya da tsoron tiyata. Su yi ta daurewa har ranar da fitsarin zai tsaya cak. Alhali yawancin masu wannan lalura da magani ake fara musu, kuma da yawansu ba sa kaiwa ga wuƙa idan sun je da wuri.

A ƙasan mafitsarar namiji akwai wani ƙululu da likitoci ke kira furostet. Girmansa bai wuce ƙaramin goro ba, kuma ta tsakiyarsa bututun fitsari ya ratsa. Idan shekaru suka ja yakan ƙara girma ya matse bututun, kamar a taka tiyo ana ban ruwa. Kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 zuwa 60 suna da wannan girma, adadin kuma yana ƙaruwa da tsufa. Wannan ba kansa ba ce. Sai dai alamominsu na iya kama da juna, haka ma ciwon suga, ko ƙunci a bututun da tsohon ciwon sanyi ya bari. Shi ya sa ba a fara shan magani kafin likita ya duba shi, ya auna fitsari da jini, wani lokaci ya yi hoton mara da ƙoda.

Alamomin su ne jinkiri kafin fitsari ya fito, fitowa ba ƙarfi, yankewa a tsakiya, yawan tashi da dare, da jin kamar bai gama ba.

Idan abin bai yi tsanani ba, gyara daga gida yake farawa, kuma yawancinsa a hannunki yake. Ya sha ruwansa da rana yadda ya saba, amma ya rage kamar awa 2 kafin barci. Kada ya daina shan ruwa wai don fitsari ya ragu, wannan cutar ƙoda ce a ƙasarmu mai zafi. Shayi mai kauri, kofi da goro suna tsokanar mafitsara, a rage su, musamman daga la'asar. Ki yawaita masa ganye, wake da 'ya'yan itace, domin taurin bayan gida kan ƙara toshe hanya. Idan ya gama fitsari ya ɗan dakata ya sake gwadawa, sau da yawa saura kan fito. Kada kuma ya riƙe fitsari a doguwar tafiya don jin nauyin tsayar da direba.

Sai ki duba kwandon magungunan gidanki. Wasu magungunan mura da ke buɗe hanci, da na ƙaiƙayi irin su Piriton, da Buscopan na murɗar ciki, da tiramadol da kodin, duk suna iya tsayar da fitsarin mai wannan lalura a dare ɗaya. Kafin ki miƙa masa ko ki aiki yaro kemis, a tambayi likita ko masanin magani.

Magungunan asibiti iri biyu ne manya. Na farko suna sassauta naman da ya shaƙe bututun, kamar tamsulosin da alfuzosin. Aikinsu na da sauri, cikin 'yan kwanaki ake jin sauƙi, amma ba sa rage girman ƙululun. Suna iya kawo jiri idan aka miƙe da sauri, don haka idan zai tashi sallar asuba ya fara zama a bakin gado tukuna. Tamsulosin kan rage fitar maniyyi, wannan ba illa ba ce ga lafiyarsa, amma idan kuna neman haihuwa a gaya wa likita. Idan kuma za a yi masa aikin yanar ido, lallai likitan ido ya san yana sha ko ya taɓa sha.

Na biyu su ne masu rage girman ƙululun, finasteride da dutasteride. Waɗannan sai da haƙuri, domin sukan ɗauki wata 6 kafin amfaninsu ya bayyana sosai. Nan ne maza da yawa ke ajiye magani su ce ba ya aiki, ke ce za ki ƙarfafa masa gwiwa. Suna iya rage sha'awa ga wasu mazan. Idan kin ga sauyi kada ki ɗauka juya miki baya ya yi, ku koma wurin likita. Sannan ga gargaɗi naki na kanki: idan kina da juna biyu, ko kina tsammanin kin samu, kada ki taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin maganin na iya shafar halittar al'aurar ɗa namiji a ciki. Wani lokaci likita kan haɗa iri biyun.

To idan fitsarin ya tsaya gaba ɗaya fa? Za ki ga mara ta kumbura, yana murƙususu, yana son yi ya kasa. A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Ba lokacin jiƙo ba ne, kuma ɗura masa ruwa azaba kawai zai ƙara. Za a saka masa robar fitsari, sauƙi kuma ya zo cikin mintuna. Mafitsara kan riƙe kamar rabin lita, amma a irin wannan hali akan fitar da lita guda ko fiye. Saka roba ba ya nufin sai tiyata. Yawanci akan fara masa maganin sassautawa, bayan 'yan kwanaki a cire a gwada, kuma da yawa fitsarinsu kan dawo.

Idan aka sallame shi da robar, jakar ta kasance ƙasa da mararsa kullum amma ba a kan ƙasa ba. A wanke hannu kafin zubarwa da bayanta, kada tiyon ya lanƙwashe, kuma kada kowa ya ja robar, akwai ɗan balan-balan da ke riƙe ta a ciki. Ki rubuta ranar da aka ce a koma a wayarki, domin robar da ta wuce lokacinta kan toshe ta kawo cuta.

Akwai alamomin da ba a jira da su: jini a fitsari, zazzaɓi da rawar sanyi, kumburin ƙafa, ko babban mutum ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci. Na ƙarshen nan kada ki ɗauka tsufa ne, sau da yawa mafitsara ce ta cika ta tumbatsa, matsin kuma yana komawa kan ƙoda ba tare da ciwo ba. Idan toshewa ta yi ta maimaituwa, ko tsakuwa ta taru a mafitsara, ko ƙoda ta fara taɓuwa, to a nan likita zai yi maganar aiki, kuma kada a guje shi.

Saura yadda za ki ɗauko zancen. Da maigida, ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ki ce, "Yallaɓai, na ga barci yana yi maka wuya kwana biyu, da mun je an duba, an ce magani ake bayarwa." Idan Baba ne ko suruki, bakinki ba zai iya ba, sai ki bi ta wurin ɗansa ko amininsa, ki tura musu wannan shafi. Kuɗin ganin likita da gwaji yau bai kai na wankin ƙoda gobe ba.

Wadda ta yi jinyar mai robar fitsari a gida ta faɗa wa 'yan uwa a ƙasa yadda ta yi da tsafta da wanki, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.