Ku Daina Cin Abinci da Sunan Malam Aminu

Duk ranar 17 ga Afrilu, ranar da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, sai manyan 'yan siyasa su tuna da hanyar Gwammaja. A zo gidansa na Mambayya da jiniya da 'yan sanda, a riƙe lasifika, kowa ya ce shi ɗan Malam ne, shi ya gaji aƙidarsa. Ana tashi taro kuma kowa ya koma kan abin da Malam ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Da ku nake gaba ɗaya, domin ba jam'iyyar da ta tsira daga wannan. Ku ji kunya, ku sakar wa bawan Allah sunansa.

NEPU, jam'iyyar Malam da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, teloli da mahauta da 'yan koli da manoma ne suka ɗauke ta a ka. Ba wanda ya ba su ko sisi. Abin da suka samu shi ne bulala a kotun alƙali, ɗauri a gidan yarin En'e, da gorar 'yan dabar da ake kira 'Yan Mahaukata a kan titi. Akwai waɗanda suka bar garuruwansu saboda hakimi ya sa musu ido. Sun jure duk wannan domin an gaya musu magana ɗaya da ba su taɓa ji ba: talaka mutum ne, yana da ikon ya ce a'a, kuma ba dole ba ne ya zube ƙasa don wani ya zo wucewa. Ku kuwa kun mayar da shi mai zubewa a ƙofar gidanku tun da asuba, da takardar asibiti a hannu, yana jiran yaronku ya leƙo ya ce mai gida bai tashi ba.

Dubi abin da kuke yi wa mata ranar zaɓe. A tara su a layi cikin rana, goyo a baya, a miƙa wa kowace taliya ƙwaya biyu da sabulu da 'yar takardar kuɗi, wani lokaci har a sa ta rantse. Hajiya Gambo Sawaba ta fara shiga kurkuku tana da shekara ashirin, ta yi ta shiga tana fita, a kan matan Arewa su samu ƙuri'ar da ba su samu ba sai cikin shekarun 1970, bayan matan Kudu sun daɗe suna jefawa. Wannan ƙuri'ar ce kuke saye da taliya. Malam da kansa mace ya ɗauka mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983. A yau mata nawa kuka bai wa tikitin ko da kansila?

Kuma kada wani ya ce ai siyasar Malam ta adawa ce kawai, ba ta san mulki ba. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, harajin da ake shanya magidanci a rana saboda shi, wanda ya sa mutane gudu su bar gonakinsu. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya. Balarabe ya ƙi yin ciniki da majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye har ta tsige shi a 1981. Suna da kurakuransu, har sun yi baram-baram da Malam, amma sun yi alkawari sun cika. Ku faɗi abu ɗaya mai nauyin wannan da kuka sauke wa talaka daga wuya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na Nuwamba 2024. Yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu daga Kano da Kaduna, aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. Duniya ta ga ƙasusuwan haƙarƙarinsu, ta ga wasu sun faɗi a gaban alƙali. Sai da hotunan suka bazu aka yi ca, sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. A watannin nan uku ina magadan Malam suke? Lauyoyi da 'yan rajin kare haƙƙi ne suka yi ta kai da kawowa. Da an saki yaran kuma sai ga ku a gaban kyamara ana rige-rigen tarbarsu.

An sa sunan Malam a filin jirgin sama da asibitin koyarwa, kuma ya cancanta. Amma gidan da kuke taruwa a cikinsa ɗin nan, ku leƙa ɗakinsa ku ga abin da mutumin da ya yi minista ya bari, sannan ku fito ku gaya wa mutanen Gwammaja gidaje nawa kuka mallaka a Abuja, kuma da wane albashi.