Tazarar Haihuwa Kyauta: Ina Matsayin Mace Mai Inshorar Lafiya?

A watan Afrilu na 2011 Gwamnatin Tarayya ta soke kuɗin da ake biya wajen karɓar kayan tazarar haihuwa a asibitocin gwamnati. Daga lokacin, ƙwaya da allura da ashanar da ake sa wa a dantse da robar mahaifa duk suka zama kyauta. A 2014 kuma aka amince wa ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa sa ashanar, domin likitoci ba su wadata ba. Duk mai adalci zai yaba da wannan. Sai dai akwai wata mace da ba a cika tunawa da ita ba in ana wannan zance, wato wadda take da inshorar lafiya ta kamfani, ko dai ta wurin aikinta ko ta wurin aikin mijinta. Ra'ayina shi ne, shirin kyauta ya amfane ta ta wani ɓangare, amma ya ba masu karɓar kuɗinta damar zame kafaɗa, kuma matar ƙauye ce take biyan wannan bashi.

Kafin in shiga zancen, ya kamata mu ɗaliban harshe mu lura da kalmar kanta. Da farko ƙayyade iyali ake cewa, jama'a kuwa suka ƙi, domin kalmar tana nuna a yanke wa mutum yawan 'ya'yan da zai haifa. Da aka koma cewa tazarar haihuwa sai aka fara saurare. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, ba a ɗakin mahaifiyata ba, na lura Bahaushe yana da kalmomi irin su kwanika da rurrutsa tun kafin zuwan asibiti, kuma yana aika mai jego gidan iyayenta ta huta. Mu ma Fali na Bahuli muna da namu hanyoyin na hutar da uwa har ta yaye. Ashe ke nan abin ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da ta bayar ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki.

To, su wa ke da inshora? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na mata masu shekara 15 zuwa 49 suke da ita. A yankinmu na Mubi za ka same su cikin ma'aikatan bankuna, da na kamfanonin waya, da na ƙungiyoyin agaji da suka yawaita bayan Boko Haram ta mamaye garin a ƙarshen 2014, sai kuma ma'aikatan gwamnati. Kamfanonin da ake kira HMO su ne ke tsakanin mai biya da asibiti.

Tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda ta fara aiki a 2005, tana ɗaukar nauyin miji da mata da 'ya'ya huɗu, tana kuma biyan kuɗin awon ciki da haihuwa. Amma a ƙa'idojinta na 2012 ta sa kayan tazarar haihuwa cikin jerin abubuwan da ba ta biya, wayar da kai kawai ta ɗauka. Tsare-tsaren kamfanoni kuwa sun bambanta: wani ya sa su ciki, musamman mai tsada, wani ya bar su waje. Hujjar da ake kafawa ita ce ai gwamnati tana bayarwa kyauta. Mai karatu, duba wannan lissafi. Za a biya wa mace kuɗin tiyatar ciro jariri, amma ba za a biya mata allurar wata uku da za ta ba jikinta hutu ba, alhali kowa ya san rigakafi ya fi magani.

Saboda haka mace mai irin wannan katin hanya biyu ce a gabanta. Ko ta sa hannu a jaka ta biya asibitin kuɗi ko kemis, bayan an riga an biya kamfani da sunanta, ko kuma ta bi layi a asibitin gwamnati. Idan ta zaɓi ta biyun, kayan da za a ba ta daga kwali ɗaya suke fitowa da na matar da ta taso daga Bahuli ko Muchalla ko Vimtim, wadda ta bar gona ta biya kuɗin abin hawa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ranar da kaya suka ƙare, mai albashi za ta wuce kemis ta saya, ita kuwa ɗayar sai ta koma gida, kuma ba lallai ne ta sake samun kuɗin dawowa ba. Kamfani ya riƙe kuɗinsa, asibitin gwamnati ya yi aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yankewar kaya kuwa ba zato ba ne. Shekaru da yawa kaso mai tsoka na kayan nan da tallafin ƙasashen waje ake saye, ta hannun Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar agaji ta Amurka, USAID. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe wannan hukuma. Buƙata kuma ba ta ragu ba: binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 15 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin zamani, kashi 21 kuwa suna son hutu ko tsayawa amma ba sa amfani da komai. Wanda ke da ɗan abu kaɗan zai raba, dole ya fara da wanda ba shi da wata mafita.

Na san za a ce mace mai inshora 'yar ƙasa ce, tana biyan haraji, don haka tana da haƙƙi a asibitin gwamnati. Gaskiya ne, kuma ba na kira a kore ta. Ta ci moriyar shirin ma: ungozomar da aka horar a ƙarƙashinsa ita ce ke duba ta, wayar da kan da aka yi a rediyo ya sauƙaƙa mata magana da maigida. Akwai kuma wadda take zaɓar asibitin gwamnati don sirri, domin ba ta son bayanin jikinta ya bi takardun da ke da alaƙa da ofis. Abin da nake cewa shi ne, zuwanta can ya zama zaɓi, kada ya zama tilas. Za a kuma ce sa kayan cikin inshora zai ƙara kuɗin da ake biya. Amma kuɗin ashana ɗaya da ke aiki shekara uku ko biyar bai kai na kwanciya asibiti saboda cikin da ya zo da matsala ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. A Amurka dokar lafiya ta 2010 ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora, daga 2012, su biya kuɗin kayan tazarar haihuwa ba tare da mace ta ƙara ko sisi ba, shirye-shiryen gwamnati kuwa suka ci gaba da kula da marasa ƙarfi. Ba komai na Amurka ne ya dace da mu ba, amma wannan rabon aiki yana da ma'ana.

Mu ma muna da dama. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa NHIA a madadin NHIS, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, Jihar Adamawa ma tana da tata hukumar ta taimakekeniyar lafiya. Ma'ana, masu kati za su ƙaru. Idan aka ƙyale kamfanoni suna turo su asibitin gwamnati, layin zai ƙara tsawo ne kawai.

A ƙarshe, ina kira ga hukuma da ta tabbatar kowane tsarin inshora, mai tsada da mai araha, ya ƙunshi dukkan hanyoyin tazarar haihuwa har da kuɗin sawa da cirewa, a aikace ba a takarda kawai ba. Idan mai kati ta karɓa a asibitin gwamnati, kamfaninta ya mayar wa asibitin kuɗin don a sayo wasu. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, gobe ku ne ma'aikata da iyayen gida. Ranar da aka miƙo muku takardar inshora, ku karanta jerin abubuwan da aka cire kafin ku sa hannu, ku yi tambaya. Mu da muka karanci Hausa kuwa, aikinmu ne mu fassara waɗannan takardu yadda uwa a Bahuli za ta gane haƙƙinta.