A riƙa karanta lambar batir kowace safiya

A yau daga Barmu zuwa Takanamat, daga Tamaske zuwa Tabalak, da wuya ka shiga gari ba ka ga farantin rana, wanda muke kira fano, bisa soro ko bisa rumfa ba. Wasu ƴan bida ne suka aiko da kuɗinsu daga Abijan ko Libiya. Tashar wutar rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, layin NIGELEC take ba wuta. Ƙauyen da layi bai kai ba, da batir yake kwana.

Fano mai kyau yakan yi shekara 20 yana aiki. Batir kuwa wani ko shekara guda ba ya cikawa. Sai a ce mai shago ya yi cuta. Wani lokaci haka ne. Amma a ganina, sau da yawa mu ne muke kashe shi, domin muna tatsarsa har sai fitila ta mutu da kanta.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowane da farantan dalma cikin ruwan asid. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri yana kama farantan. In an cika batir da wuri, gishirin sai ya narke. In kuwa an zuƙe shi ƙaf, ya yi kwanaki bai cika ba, gishirin sai ya taurare, kuma wurin da ya rufe ba ya sake riƙe wuta. Manomi ba ya cinye hatsin rumbu har da iri. To, rabin wutar batir irinsa ne, ba a taɓa shi.

Yaya za a san an kai rabi? Ƙaramin akwatin da ke tsakanin fano da batir, wato regilater, yawanci yana nuna lamba. In babu, ana sayar da ma'aunin bolt a shagunan kayan wuta na Tawa. A kula da lambar da ke bayan ɗigo. Idan an ga 12.6 ko 12.7, batir a cike yake. Idan 12.2 ne, rabi ya tafi, sai a kashe telebijin da fanka. Idan ya kai 12.0, an shiga cin iri. Ƙasa da 11.8 kuwa, batir yana lalacewa ne a gaban idonka.

Lokacin awo shi ne da asuba, kafin rana ta taɓa fano, bayan an kashe kome an ɗan jira. Da tsakar rana za ka ga 13 ko 14, amma wannan ƙarfin fano ne, kada ya ruɗe ka. Sababbin batira na litiyam lissafinsu dabam ne: su kashi cikin 100 ake dubawa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari. Idan wuta ta yi ƙasa ƙwarai, regilater yana yanke ta domin ya tsare batir. Sai wani mai dabara ya ce akwatin ya lalace, ya haɗa waya kai tsaye. An ƙara awa biyu na kallo, an rage watanni daga ran batir.

A gida, asarar ta kuɗi ce. A gidan likita ta fi haka. Alluran rigakafin yara suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Gaskiya ne akwai sababbin firigo da ke aiki da rana ba tare da batir ba. Amma tsofaffin suna bukatarsa, haka ma fitilar ɗakin haihuwa. Idan rabin gari ya kawo salula caji da rana, batir ba zai cika ba, kuma da tsakar dare ungozoma da tocila za ta karɓi haihuwa.

Shawarata ita ce kwamitin kula da gidan likita, wato COGES, ya ɗora wannan aiki kan mutum guda daga cikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, mace ko namiji. A ba shi littafi da alƙalami. Kowace safiya ya rubuta kwanan wata da lambar da ya gani. Wani zai ce ai wannan aikin malamin lafiya ne. Malamin lafiya yana da marasa lafiya a ƙofa, kuma yakan yi tafiya. Wanda ya iya rubuta lamba uku da ɗigo ɗaya ya isa wannan aiki.

In lamba ta yi kwana uku a jere tana ƙasa da 12.2, a nemi dalili. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce farkon abin zargi: a goge fano da tsumma mai laushi da sassafe. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, batir yana tsufa da sauri, yana shan ruwansa. A ajiye shi cikin inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta. In mai marafai ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya da asid ba a zuba su.

Batirin da ya mutu kuma kada a fasa shi a tsakar gida. Dalma guba ce, ta fi yi wa yara ƙanana illa. A Tiyaroy, kusa da Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 a unguwar da ake fasa tsofaffin batira ana fitar da dalma. A mayar wa mai sayarwa da shi a rufe, yadda yake.