Abin Gado a Wurin Masu Duban Taurari

Har gobe akwai gidaje a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran ƙasar Hausa, inda idan mutum ya kwanta ciwo ba a zancen asibiti sai an aika wurin mai duba. Shi kuwa zai tambayi sunan majiyyacin da na mahaifiyarsa, ya yi hisabi, ya fitar da burujinsa, sa'an nan ya faɗi ko ciwon na Allah ne ko da hannu a ciki, da ranar da ta dace a nemi magani. Waɗansu 'yan boko suna zaton wannan al'ada tamu ce mu kaɗai. Tarihi bai goyi bayansu ba.

A shekarar 1348, lokacin da annoba take cinye mutanen Turai, malaman likitanci na Jami'ar Faris sun ɗora laifin a kan haɗuwar da taurari uku, watau Zuhal da Mushtari da Mirrihu, suka yi a 1345. A Ingila kuma an yi wani mai duba a birnin Landan, Simon Forman, da almajirinsa Richard Napier, wanda limamin coci ne a ƙauyen Great Linford. Attajirai da barori duk suna zuwa gare su. Su kan rubuta sunan mai tambaya da shekarunsa da sa'ar da ya yi tambayar, su zana matsayin taurari a wannan sa'a, su yanke hukunci, sa'an nan su ba da maganin wankin ciki, ko su sa a zubar da jini, ko su ba da wani abu mai kama da laya. Wanda ya san aikin malamin duba da wanzami a nan ba zai ga baƙon abu ba.

Mu ma muna da gwanayenmu a wannan fanni. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji ya zarce Masar, ya rubuta Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, da Bahjatul Afaƙ a kan hatimai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan na Masar. Har yanzu masana lissafi suna jinjina wa hanyoyinsa na tsara lambobi a cikin hatimi.

Amma shugabannin jihadi sun raba tsaki da tsakuwa. A cikin Nurul Albabi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa ko duban taurari. Wannan bai shafi lissafin manzilolin wata 28 ba, wanda manomi ke sanin faɗuwar damina da shigowar ɗari da shi. Kuma ba su bar jama'a hannu rabbana ba. Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasashen nan uku ke cikin masarautarsa, ya yi maganar lafiyar jiki a littafinsa Masalihul Insani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi wallafa a kan ciwon ido da kan basir, kuma da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita daga Ingila.

Yau ilimi ya tabbatar da cewa sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ƙazamin ruwa ke kawo amai da gudawa, Zuhal ba ruwansa. To, me ya rage da za a gada wurin masu duban taurari? Alƙalami. Tsakanin 1596 da 1634 Forman da Napier sun rubuta labarin tambayoyi kimanin 80,000. Takardun suna ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, masana na Jami'ar Cambridge kuma sun bi su ɗaya bayan ɗaya sun fitar da su ga duniya. Daga cikinsu ake sanin irin cututtukan da suka dami talakan Ingila shekara 400 da suka wuce, da kukan mata a kan ciki da haihuwa, da halin masu taɓin hankali. Hukuncin taurarin ya zama tatsuniya, rubutun kuwa ya zama taska. Mu a nan, mai bugun ƙasa yana zanawa ne a kan rairayi, in ya gama ya shafe da tafin hannunsa. Yawancin abin da muka gada littattafan ƙa'ida ne da na fa'idoji, labarin majiyyatan kuwa ya bi masu shi kabari.

Wannan asara ba ta tsaya ga jiya ba. Bayan albasa, babu abin da aka san Aliero da shi kamar ɗori. Daga nesa ake ɗauko masu karaya da targaɗe da gocewar ƙashi a kawo wa maɗoran garin, har daga ƙasashen maƙwabta. Sana'a ce ta hannu da ido, ta gado, wadda ta fi duba nesa ba kusa ba, domin ana ganin sakamakonta. Amma a bakin jama'a labarin wanda ya miƙe da ƙafafunsa kaɗai ke yawo. Wanda ɗaurin ya matse har jini ya daina gudu, ko wanda ƙashinsa ya huda fata raunin ya ruɓe, shi ba a cika jin nasa ba.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin nan uku su zauna da sarakuna da shugabannin maɗora, a buɗe littafin rajista a kowane gidan ɗori. A rubuta shekarun majiyyaci, da irin karayar, da ranar zuwansa, da abin da aka yi masa, da yadda ya ƙare. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 suna iya riƙe alƙalamin idan maɗori bai yi boko ba, ko kuwa a rubuta da ajami. Cikin 'yan shekaru za a san karayar da ɗori ke warkarwa, da wadda dole a ɗauki hoton ƙashinta a miƙa ta ga likita tun ranar farko. Maɗori na ƙwarai ba abin da zai rasa, sai ma ƙarin daraja, gama mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Ga iyaye kuwa, musamman ma'aikata da ɗalibai waɗanda ake jin maganarsu a gida, lalle ne a gane cewa yaron da wuyansa ya sanƙare, da matar da ta kwana tana naƙuda, ba su da wata sa'a mai kyau da ta wuce wadda ake ciki. A yi addu'a a kan hanyar asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba mu ikon rubuta abin da na baya za su amfana da shi.